Dambun da Na Ba Uwar Ango

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto, 'yan'uwa.

Shekarar da aka ce kowa shi yi wanka da gishiri saboda ibola, damina biyu bayan rasuwar maigidana, a kakar nan muka aurar da jikata Rifkatu a ƙauyenmu, gefen Sukuntuni.

Ni Tabita ban yi boko ba, amma daga nan har Kusada, in ana biki, ni ake aiko wa in hau tukunya. Fulanin da ke kawo mini nono ma sun san dambuna.

Sai ango ya zo ya durƙusa, ya ce, "Kaka, mahaifiyata Malama Hannatu ba ta cin gyaɗa. Ko ƙamshinta jikinta ba ya so."

Na ce, "To, a dafa mata nata daban." A raina kuwa na ce iyayin 'yan birni ne. Dambu ba gyaɗa, ai tsakin kaji ke nan! A ce uwar ango ta ci lami a gidana? Na daka ƙuli-ƙuli luƙui, na barbaɗa a nata, ba wanda ya gani.

Da hannuna na miƙa mata akushin. Kun san surukuta: ba ta tambaya, ba ta ƙi. Ta ce, "An gode, Inna."

Loma uku! Leɓenta ya kumbura, ido ya rufe, numfashi ya koma kamar ana busa sarewa. Aka saka ta a mota sai asibitin Kankiya, ni ma na cusa kaina.

Likita ya ce, "Mi ta ci? Akwai abin da jikinta ba ya so?"

Ango ya ce, "Gyaɗa ce, kuma ba ta ci ba. Kaka da kanta ta dafa mata. Kaka ba ta kuskure."

Wayyo! Yabon nan ya ɗaure ni tamau. Wani ya ce ko asma ce, wata ta ce sammu. Ina tsaye jikin bango. In na yi magana, na zubar da mutuncina gaban surukai, wataƙila har da auren Rifkatu. In na yi shiru, ga baiwar Allah tana shuɗewa. Ba gaba, ba baya.

Na rufe fuska da gyale na ce, "Yesu, ban iya buɗe bakin nan. Kai ka buɗe shi."

Sai na ji muryata tana ce wa likita: "Ɗana, na sa ƙuli. Da sanina na sa."

Likita bai ko dube ni ba, ya ce a kawo allura maza. Kafin la'asar numfashinta ya dawo. Halleluya!

Na durƙusa gaban gadonta, ni da a haife na haife ta. Ta kama hannuna, murya a shaƙe, ta ce, "Inna, tashi. Dambun dai ya yi daɗi."

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi. In baƙo ya ce abu na cutar da shi, ku yarda.

Cikin matan da muka yi girkin nan, Ladi da Saratu sun huta. Saura ni da Asabe makauniya. Hannatu kuwa tana nan da ranta, ga ta can layi na biyu, goye da ɗan Rifkatu na uku.