Fuskar Malam a Bakin Ƙofa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka ajiye alli, shugabannin wannan ƙungiya ta tsofaffin ɗalibai, 'yan ajinmu da na gaba da mu da na bayanmu, maza da mata, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni da ba ni da muƙami a ƙungiya sai na zuwa taro da wuri. Ina kuma gode wa ɗan'uwanmu Dogo, wanda ya gama yi mana dogon bayani da majigi, yana neman mu miƙa masa hotunan sauran malamanmu da suka rasu, wai zai raya sunansu kamar yadda ya raya na marigayi Hedimasta. Mun tafa masa. Ni ma na tafa, don kada a ce hassada ce.

Batu na farko, mu fahimci sana'ar, domin iyayenmu na can baya sun ji Turanci ya yi yawa. Dogo ma'aikacin ofis ne, wannan sana'ar gefe ce. Ba shi da shago, ba shi da inji, ba shi da ko ƙyalle ɗaya. Hoto yake ɗorawa a wani shafi na intanet, in wani ya so riga mai wannan hoton sai ya biya, wani kamfani a can nesa ya buga, ya aika masa, Dogo ya ji waya ta yi ƙara, kuɗi sun shigo. Halal ce, ban ce haram ba. Sai dai ban taɓa ganin ɗan kasuwar da bai taɓa shafa hajarsa da hannu ba, amma ya buga wa kansa kati mai ɗauke da "Shugaban Kamfani", sai a wannan zamani.

Batu na biyu, shafin yana tambayar mai sayarwa a kan wane kaya za a buga hoton. Akwai wurin da ake zaɓa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma maɓallin ragwaye, wanda in ka danna shi hoton zai hau kan komai. Ranar da ya ɗora hoton Malam Hedimasta, Dogo yana sauri, maigidansa na ofis na iya leƙowa, sai ya danna na ragwaye. Jama'a, fuskar mutumin da muke miƙewa tsaye in mun ji takunsa ta hau riga, ta hau kofin shayi, ta hau safa, ta hau tabarmar goge ƙafa ta bakin ƙofa. Kun ji shi ɗazu da bakinsa yana alfahari cewa tabarmar ce ta fi kasuwa. Bai tambayi kansa wa ke saye ba.

To, ni na san mai saye, shi ne batu na uku.

Mama, matar marigayi, ta je kai ɗinki, sai ta tarar da mijinta shimfiɗe a ƙofar shagon tela, taɓo a goshinsa, sawun takalmi a kan gemunsa. Telan bai san ko wane ne ba, kyauta aka ba shi. Ba ta yi faɗa ba, kun san ta. Ta roƙe shi ya bar mata tabarmar, ta kai gida, ta wanke da sabulun wanka, ta shanya a inuwa. Daga nan ta kira maƙwabciyarta mai babbar waya, ta ce ta taimaka ta nemo inda ake sayar da tabarmin, ta riƙa sayo mata su kaɗan-kaɗan, duk lokacin da fansho ya shigo, har sai sun ƙare a kantin. A tunaninta akwai wani ɗaki inda aka tara su, in ta kwashe shi ke nan, babu wanda zai sake taka shi.

Wa zai gaya mata babu ɗakin? Wa zai gaya mata cewa kowace tabarma sai an biya ake buga ta, cewa da hannunta take sa ana ƙirƙiro sabuwa? Ita tana saye don su ƙare, shafin yana ganin ana saye yana ƙara tallata su ga baƙi, Dogo kuma yana zaune a ofis yana murna kasuwa ta buɗe.

Na je gaishe ta ranar Asabar. Ta kai ni ɗakin Malam, inda littattafansa suke har yanzu. Ga tabarmin nan a jere kan gadonsa, fuska sama, ta lulluɓe su da farin zane saboda ƙura. Raina ya ɓaci har na kasa zama. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ke kin san kan waya. Duba min, saura nawa?"

Ni da bakina ba ya mutuwa tun muna aji ɗaya, sai kawai na ce mata zan duba in dawo.

Saboda haka, mai girma shugaba, roƙona biyu ne. Kada a ba Dogo hoton kowa, ko na mai gadin makaranta. Sannan wayarsa tana aljihunsa, ina hango ta daga nan. Ya fito da ita, ya zo gaban iyayenmu, ya sauke hoton Malam daga kan kowane kaya kafin a shafa addu'a. Dogo, ba sai ka ba ni haƙuri ba, ba ni ka taka ba. Daga nan gidan Mama zan wuce, kai ne za ka tuƙa ni, kuma kai ne za ka durƙusa ka gaya mata sun ƙare. Ina so wannan maganar ta zama gaskiya kafin mu isa ƙofarta.

Allah Ya jiƙan Malam da sauran malamanmu, Ya sanyaya zuciyar iyalansu, Ya sa albarka a sana'ar kowa, Ya tsare mu daga cin abinci da mutuncin waɗanda suka rene mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.