Gungumen da Ban Mayar wa Orval Ba

Fasto Lindqvist, dattawan ikilisiya, shugaban gundumarmu, 'yan'uwana 'yan kwana-kwana na sa-kai, maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku. Sai ke Ardis, matar marigayi, da kai Wendell, ɗansa tilo, wanda ni na riƙe ranar baftismarka shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Sannunku da haƙuri.

Sunana Merlin Haugen. Shinge ɗaya ne tsakanin gonata da ta Orval Tollefsrud, shi ya sa kuka zaɓe ni in yi magana. Ina jin kun yi kuskure, amma ku bari in kai ƙarshe.

Yau kwana ashirin da garma ta danne Orval a bakin rumfarsa. Kwana ashirin ke nan ana raɗa a kwarin nan cewa gwiwar Wendell ce ta taɓa libar tarakta mai ɗaga garma, garmar ta sauko. Na ji a kantin iri, na ji a ƙofar cocin nan. Ardis ba ta ce wa ɗanta uffan ba tun ranar. Shi kuma ya ɗaure kayansa a bayan mota, jibi zai bar mana garin. A kan wannan na tsaya a gabanku.

Amma tukuna, mu tuna wanda muka rasa.

Ya kasance mutumin da bai taɓa kwana da garma a datti ba. Da ya fito daga gona sai ya kankare ƙasa, ya shafa wa allon garmar giris har sai ya ga fuskarsa a ciki. In ya zo gidana ya tarar da tawa ta yi tsatsa, sai ya ce, "Kai Merlin, wannan garma ce ko murfin tukunyar kakarka? Ƙasa ba za ta zame a kan wannan ba, rago kawai." Ni kuma in ce masa ya je ya auri tasa mu huta.

Ya kasance mai kai mu gaba a duk gayyar da muka yi wa gwauruwa ko majinyaci. Shi yake yanka layin farko, mu bi. A gangaren nan namu bai taɓa yarda a yi huɗa sama zuwa ƙasa ba, sai dai a zagaye tudu, don kada ruwa ya kwashe mana ƙasa ya kai kogi. Shekara talatin yana kashe gobara tare da mu, ba a biya shi ko sisi ba.

Ya kasance mai doka ɗaya da kowa a nan ya sha ji har ya gaji: ba a shiga ƙarƙashin garma sai an tokare ta. Ƙarfin mai ne kawai ke riƙe ta a sama, tsohuwar tarakta kuwa tana iya saki ba sallama. Don haka ya yanke gungumen itace mai tauri, daidai tsayin da yake so, ya sa masa hannun igiya. In zai sauya bakin garma, gungumen yake fara turawa kafin ya tura kansa.

Tun kaka na ari gungumen nan. Na gama aikina, na jefa shi bayan rumfata, ƙanƙara ta rufe shi, na manta.

Ranar da abin ya faru, da safe, wayata ta yi ƙara ina tsakiyar tatsar shanu.

Ya ce, "Rago, ina gungumena? Bakin garma ya cinye, ga hadari yana haɗuwa. In ƙasar nan ta jiƙe sai na yi mako ban shiga ba."

Na ce, "Haba Orval, ka bari in gama da shanu mana. Ana gudu da gonar ne?"

Ya ce, "Minti biyu ne a mota."

Na ce, "Da rana zan kawo."

A'a, Fasto, don Allah zauna. Bar ni in ƙarasa, in na tsaya yanzu ba zan iya ci gaba ba.

Na gama tatsa ƙarfe takwas. Na shiga gida na sha kofi, na ƙara wani. Orval ya jira ni har sha ɗaya. Da ya ga sama ta yi baƙi, sai ya ce wa Wendell ya ɗaga garmar ya shiga ƙarƙashinta, noti uku ne kawai, yanzu zai fito. Ina kan hanya, gungumen na bayan motata, motar asibiti ta wuce ni da jiniya, ta nufi gidan Orval. Na juya na koma gida na ɓoye shi cikin ciyawar shanu. Da hannuna na yi wannan, kuma ina jin kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ban sani ba ko gwiwar Wendell ta taɓa liba ko ba ta taɓa ba. Shi kansa bai sani ba. Abin da na sani, da gungumen na wurin, a kan itace garmar za ta sauka, Orval ya fito yana zagin mu duka biyu.

Wendell yana tsaye kusa da ubansa lokacin da ya kira ni. Ya ji komai. Ranar jana'iza na matsa kusa da shi, sai ya ce, "Kawu Merlin, kada ka ce komai. Mama ta rasa miji, kada ta rasa maƙwabci kuma." Na yi shiru, domin shirun ya yi mini daɗi. Mu kuma duka muka bar shi ya ɗauka, muna ta raɗa a bayansa.

Ardis, 'yar'uwata, ki dube ni. Ba gafara nake nema ba, ban kai nan ba. Fushinki gaskiya ne, ƙofa ce kawai ya ɓata. Ki juyo da shi wajena, ga ni.

Wendell, ɗana, ka sauke kayan nan. Eka sittin na ubanka na nan ba a huɗe ba, kuma babu wanda ya san yadda yake zagaye tudun nan sai kai.

Na gode wa matan da suka dafa abincin yau, na gode muku da kuka saurare ni ba ku fita ba. Ba zan zauna cin abinci ba, don kada wani ya rasa inda zai sa idonsa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji, Ka karɓi bawanKa Orval, Ka ba shi hutu. Ka buɗe bakin uwar nan ga ɗanta kafin jibi. Ni kuwa, in ta daina yi mini magana har ƙarshen kwanakina, Ka ba ni ƙarfin gaishe ta kowace safiya ta kan shinge. Amin.