Ramin da ya raba gonar Baba

Manu: Salamu alaikum. Khadijatu, kina jina?

Khadijatu: Wa alaikumus salam, Yaya Manu. Ina wuni? Ya mutanen Rurum?

Manu: Lafiya lau. Ya Kibiya, ya ɗalibanki?

Khadijatu: Alhamdu lillahi. Ya Inna? Ya ruwa?

Manu: Ruwa ya yi gyara. Ke da kike koyar da labarin ƙasa, wai da gaske ne ƙasa tana tsagewa a Habasha? A rediyo na ji.

Khadijatu: Da gaske ne. Ɓawon duniya falle-falle ne, manya-manya. In biyu suka janye wa juna, wannan ya yi gabas wancan yamma, sai tsakiyar ta tsage ta nutse, ta zama dogon kwari. Me ya sa kake tambaya, Yaya?

Manu: To, abin ya iso nan. Gonar Baba ta rabe biyu. Ramin ya fi tsayina, ya cinye kunya goma ta dawa, jiya da la'asar ya kayar da ɗorawar.

Khadijatu: Inna lillahi! Ɗorawar Baba? Amma Yaya, wancan na Habasha a shekara da ƙyar yake buɗa faɗin ɗan yatsa. Naku aikin ruwa ne. Ina gambar da Baba ya shuka a gangaren?

Manu: Layin yana yankewa...

Khadijatu: Ba ya yankewa. Ina gambar?

Manu: Mun tuge ta. Bayan rabon gado Yaya Ishiyaku ya ce a rabonsa take, na ce a nawa, kowa yana son ta don saƙa zana, har muka gwammace kowa ya rasa. Sai muka ja ɗan rami a kan iyaka, kada garmar wani ta shiga gonar wani.

Khadijatu: Haba! Kuka yi wa ruwa hanya da hannunku.

Manu: Wallahi na so ki ce daga ƙarƙashin ƙasa ne, in samu abin gaya wa Inna.

Khadijatu: Shi Yaya Ishiyakun fa?

Manu: Ga shi can a tsallaken ramin, ina kallonsa. Wata bakwai ke nan ko sannu ba ma yi wa juna. Wancan na Habasha, yana komawa ya haɗe?

Khadijatu: Ba ya komawa. Amma naku, in kuka haɗa hannu kuka jera buhunan yashi, kuka sake shuka gamba...

Manu: Yaya Ishiyaku ya juya. Yana tayar da babur.

Khadijatu: To kira shi mana! Ɗaga murya, Yaya!

Manu: Ko na kira, ta ina zai tsallako? Katina ma ya ƙ...