Gadon Auta

Umma: Salamu alaikum. Auta? Kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Ina ji, Umma. Ina wuni?

Umma: Wuni kuma? Mu nan ko azahar ba a kira ba. Lafiya lau. Ya aiki, ya gajiya?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

Umma: Da sauƙi. Sai in na hau bene take tuna da ni. Kin ci abinci?

Auta: Na ci.

Umma: Me kika ci?

Auta: Umma.

Umma: To, na yi shiru. Ya shugaban naku mai tari?

Auta: Ya warke. Ya su Yaya da yara? Ya maƙwabciyarki mai ɗinki?

Umma: Suna lafiya. Mai ɗinki ta tashi tun watan jiya, ta koma wajen 'yarta. Yanzu benen tsit, ko ƙarar keke babu. Mene ne ke ta kacau-kacau a bayanki?

Auta: Tsuntsayen ne. Ina ɗakin keji ina yi musu awo. Lokacin ƙaurarsu ya zo, duk sun rikice.

Umma: Ni har yau in aka tambaye ni aikinki, likitar tsuntsaye nake cewa.

Auta: Bincike ne, ba magani ba. So muke mu gane yadda ɗan tsuntsun da bai fi kwalin ashana biyu nauyi ba yake ƙetare teku. Kin san kafin su tashi sai sun ci kamar ba gobe? Wani har ya kusa ninka nauyinsa. In na hura gashin cikinsa sai in ga kitsen, rawaya, ta ƙarƙashin fata.

Umma: Su sun san su yi guzuri. Ke ranar da za ki tafi ko rabin kofin shayi ba ki sha ba.

Auta: In suka hau hanya kuma hanjinsu ƙanƙancewa yake yi, don kaya su ragu.

Umma: To a cikin keji ina za su?

Auta: Babu inda za su, amma ba su sani ba. Muna rage musu hasken fitila kullum kaɗan-kaɗan, su ɗauka rana ce ke gajarta. Sai barci ya ƙaurace musu, su yi ta tsalle gefe guda. Tawada muke sa musu a ƙasan keji, mu zagaye da takarda. Da safe sai ki ga sawun ƙafa baƙi ƙirin, duk ya nufi kudu.

Umma: Iyayensu suka nuna musu hanya ke nan.

Auta: Ba su taɓa ganin iyayensu ba. Tun suna ƙwai muka ɗauko su, ni na ciyar da su da tsinke. Abin yana cikin ƙwayoyin halitta.

Umma: Ƙwaya? Ƙwaya kuke ɗura musu?

Auta: A'a, a jini yake. Ga... ne.

Umma: Kin yanke. Me?

Auta: Na ce gado ne.

Umma: Wa ya gaya miki zancen gado? Yayanki ko? Na ce masa kada ya ɗaga miki hankali.

Auta: Wane gado, Umma? Gadon iyaye nake nufi, abin da ɗa ke gada.

Umma: Au.

Auta: Wane gado ne Yaya zai gaya min?

Umma: Ba komai. Ci gaba da tsuntsayenki.

Auta: Umma.

Umma: Naki ne. Na ɗakinki, mai allon kan nan da kika lilliƙa wa hotunan tsuntsaye. Yayanki ya matsa in bar gidan nan in koma wajensu, wai saboda bene da ƙafata. Ɗaki ɗaya za su ba ni, kusa da kicin. Na auna da zaren ɗinki, gado biyu ba za su shiga ba. Shi ne Yayanki ya ce gobe da safe kafinta zai zo ya kwance naki.

Auta: Shi ne ba wanda ya gaya min?

Umma: Ai ni na ce ba zan tashi ba. Na ce Auta na dawowa ƙarshen watan gobe, ina za ta kwanta? Yayanki ya ce in kira ki in ji daga bakinki. Kin sayi tikitin?

Auta: Bari in fita waje, nan hayaniya.

Umma: Ina jin ki sarai. Kin saya?

Auta: Ban saya ba. Na so in kira ki ranar hutu mu yi magana a natse. Sun ƙara mana wa'adin aikin.

Umma: Wata nawa?

Auta: Shekara uku.

Umma: Layin nan. Wata uku kika ce?

Auta: Shekara, Umma.

Umma: To.

Auta: Zan riƙa zuwa hutu. Bana ne kawai ba hali, mun haɗa aure tsakanin iri biyu, 'ya'yan ba su taɓa ƙaura ba sai yanzu. In ban auna su a makonnin nan ba, aikin shekara biyu ya tafi a banza.

Umma: Har aure kuke ɗaura musu. Naki kuwa shiru.

Auta: Uban irin masu bin kudu maso yamma ne, uwar irin masu bin kudu maso gabas. 'Ya'yan ba su bi uba ba, ba su bi uwa ba. Tsakiya suke nufa, daidai.

Umma: Tsakiya.

Auta: Wallahi. Jiya da na ga takardun sai da na zauna a ƙasa.

Umma: Marigayi babanki shekara ashirin da shida yana tuƙin babbar mota, ba ya sati biyu a gida. Ni kuwa daga kasuwa sai asibiti. Da lissafinku gaskiya ne, da ke ma a tsakiya kika tsaya, inda mota ɗaya za ta kai ni.

Auta: Umma, kada ki ce haka.

Umma: Wasa nake. Jiya na wanke zanin gadon, na shanya a baranda. Da yamma har na ɗora tukunya ta mutum biyu, sai da abincin ya nuna na lura.

Auta: Ki koma wajen Yaya. Ga yara, ga mai taya ki hira. Ni in na zo ko a tabarma na kwana.

Umma: Matar nan ta waya ta ce saura minti ɗaya. Tsaya in tambaye ki. Waɗanda ba na keji ba, suna dawowa?

Auta: Waɗanda suka tsira, e. Muna sa musu zobe a ƙafa. Akwai wanda shekara huɗu a jere muna kama shi a bishiya ɗaya.

Umma: Ita dai wannan bishiyar?

Auta: Ita.

Umma: In ya zo ya tarar an sare ta fa?

Auta: Sai ya ɗan yi ta kewaya wurin, sannan ya nemi wata.

Umma: Ya nemi wata.

Auta: Umma, tsuntsu ne. Ba haka nake nufi ba.

Umma: Zan aika wa kafinta kada ya wahalar da kansa.

Auta: Ƙafarki fa? Hawa uku ne, kuma ke kaɗai a benen. Don Allah ki saurare ni, kada ki zauna saboda...

Umma: A hankali nake hawa, ina hutawa a na biyu. Ke dai ki riƙa cin abinci, ki yi kitsen hanya. Auta? Kina ji na? Auta?