Ba a Neman Takarda a Hannun Baba

Assalamu alaikum Malam Sani, ina gaishe ka da masu sauraro.

Ni ne Garba Gola daga Garwa, tsohon mai tsaron raga, yanzu wakilin ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙwallo. Wallahi na gaji.

Kullum ina faɗa wa 'yan wasa, in sun sa hannu a kwantiragi su karɓi kwafinsu. Sai su ce, "Haba Yaya, shugaban kulob fa Baba muke ce masa. Da wane ido za mu nemi takarda a hannunsa?"

Watan jiya Isiyaku, ɗan wasan baya daga Pitowa, ya karye ana tsakiyar wasa. Lauyanmu ya ce in kawo kwantiraginsa. Babu. Na je wurin shugaban, ya ba ni shayi, ya ce, "Ai gwaji ya zo yi, ba ɗan wasana ba ne." Malam, shekara uku Isiyaku yana saka rigar kulob ɗin nan!

Na kira abokan wasansa su ba da shaida, kowa ya ce in sha Allah. Na shimfiɗa tabarma na zauna har la'asar, ba wanda ya leƙo.

Jiya na duba Isiyaku a gidan mai ɗori. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ka bar maganar nan, kada Baba ya ji haushina."

Jama'a, ku ba ni shawara. Yaya zan ƙwato wa mutum haƙƙinsa, alhali shi yake ba ni haƙuri?