Jakar da Ke Bayan Ƙofa

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi da aka ba kujeru masu laushi, 'yan jarida abokan wahala, iyayenmu mata, da jama'ar da ke tsaye a baya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan baje kolin hotuna na aminina, wanda muke kira Sai-na-dawo, domin da wannan kalma yake sallama da kowa. Ni ne editan da ya fi kowa ƙin hotunansa, shi ya sa aka ga ya dace in yabe shi.

Da farko, mutumin nan bai taɓa zama ma'aikacin kowa ba. Babu jaridar da ta aike shi yaƙi, babu wadda za ta neme shi in ya ɓace. Inda jama'a ke gudowa, can yake nufa da kyamara a wuya. Ina tuna ɗakinmu na wanke hoto, da jan ƙwan lantarki, da warin ruwan magani, da fim rataye a igiya kamar shanyar jarirai. A nan muke tsayawa shiru, fuskar wata uwa tana fitowa a hankali daga farar takarda. Yau yatsa ɗaya ke aika hoto duniya, amma wancan shirun ya tafi.

Na biyu, sana'ar ta bi shi har gida. Ranar auren 'yarsa aka ba shi ɗaukar hoto. Ya durƙusa a bayan kujera, ya ɗauko ƙofofin fita, da wata tsohuwa tana kuka, da ƙeyar ango. Amarya ko sau ɗaya ba ta fito tana kallonsa ba. Da na yi masa tsiya, sai ya ce, "Edita, ni ban iya ce wa mutum yi murmushi ba."

Na uku shi ne ya kawo ni, kuma aiko ni aka yi. Shekara da shekaru akwai wata jaka a bayan ƙofar ɗakinsa: rigar sulke, fasfo, safa, batura. Tun da gwiwarsa ta fara ciwo, idonsa na dama ya fara dishi-dishi, jakar ta koma saman kabad, mai ɗakinsa ta fara barci kamar kowa. Makon jiya tana shara, ta tarar jakar ta sauko. Ba ta ce masa komai ba, ba ta taɓa cewa ba. Ni ta kira, ta ce, "Yaya, ku da yake jin kunyarku, ku faɗa masa a gaban mutane."

To, aminina, ga mutane. Ka gani a madadinmu, ka gani har ya isa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga matasa nan cike da zaure suna son koyo, ga jikoki suna son kaka mai ƙafa biyu. Amsar ba ni za ka ba ba, mai ɗakinka za ka ba, ga ta zaune a layin gaba, ta sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙan abokan aikinmu da ba su dawo ba, Ya kashe wutar yaƙi a duk inda take ci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.