Ƙafar Mai Tsaron Gida

A zauren wani mai ɗori a unguwar Kabara na tarar da su kan benci ɗaya, wani marini mai shuɗin hannu da wani dattijo. Daga ciki ana jin nishin yaro.

"Naka ne, Malam?" in ji dattijon.

"Ɗana ne, Modu, mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makarantarsu," in ji marinin. "Wasa takwas ba a ci shi ba, sai jiya a wasan ƙarshe wani mai lamba tara ya karya masa ƙafa."

"Wataƙila ba da gangan ba ne. Filin akwai santsi."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"To ai ka ga mugunta. Wallahi in na ga ubansa, sai hukuma ta raba mu."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ƙwallon ya nufa, Malam. Tun jiya yake kuka, ko abinci ya ƙi ci."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ni ne uban."

Marinin ya miƙe tsaye. Sai mai ɗori ya ɗaga labule ya ce, "Mutum biyu su zo su riƙe min shi."

Suka dubi juna. Dattijon ya riga shi cire takalmi.